Mai Karanta Lissafin Manomi: Gwanintar Jan Hogendorn

A Funtua akwai unguwar da ake kira BCGA, a Malumfashi ma haka, wanda ya je Gombe kuma zai tarar da takwararta. Sunan wata ƙungiyar masu masaƙun Ingila ne, wadda aka kafa a Manchesta a 1902 don nemo auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, saboda masaƙun Lankasha sun gaji da dogaro da audugar Amurka. Ƙasar Hausa ce suka fi ƙwallafa wa rai. Sun karanta labaran matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Suka ce ƙasar da ke saƙa haka ai auduga ba ta yi mata kaɗan ba. Suka matsa wa gwamnatinsu lamba a shimfiɗa layin dogo, suka kafa injin gurza a Zariya, suka raba iri kyauta ta hannun sarakuna da hakimai. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a watan Afrilun 1912, sai aka zauna jiran auduga.

Gyaɗa ce ta zo. Jakuna da raƙuma da takarkarai suka riƙa kwararowa Kano da ita har taragun jirgi suka kasa kwashewa, buhuna suka yi tsibi a bakin tasha. A 'yan shekarun da suka gabaci jirgi, gyaɗar da Najeriya ke fitarwa ba ta kai tan 2,000 a shekara, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Audugar da aka yi wa duk wannan tanadi kuwa, abin da ya isa injin Zariya bai taka kara ya karya ba. Turawan da abin ya ba haushi suka ɗora laifin a kan manomi, suka ce bai san ciwon kansa ba, ko kuma taurin kai ne kawai. An yi fiye da shekaru 50 kafin wani ɗalibi Ba'amurke ya zauna ya warware abin dalla-dalla, ya nuna cewa manomin ya fi masu zarginsa iya lissafi.

Wane ne shi

An haifi Jan Hogendorn a 1937, ya rasu a 2017. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Wesleyan ta Amurka, sannan ya wuce Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, inda ya kammala digirin digirgir a 1966 da kundi a kan asalin cinikin gyaɗa a Arewacin Najeriya. Kundin ne ya zama littafin Nigerian Groundnut Exports, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga a 1978. Kusan duk rayuwarsa ta koyarwa a wuri guda ya yi ta, Kwalejin Colby da ke garin Waterville a jihar Maine, can kusurwar arewa maso gabashin Amurka mai tsananin sanyi, inda ya zama farfesan tattalin arziki. A tsakiyar shekarun 1970 ya zo Zariya ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da Paul Lovejoy suka jagoranci wani aikin tattara tarihin baka, ɗalibai suka bazu ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar muryoyin tsofaffi a kan noma da fatauci da bauta.

Bai cika son aiki shi kaɗai ba. Da abokin aikinsa na Colby, Henry Gemery, ya shirya littafi a kan tattalin arzikin cinikin bayi na Tekun Atlantika a 1979. Da Marion Johnson ta Jami'ar Birmingham ya rubuta tarihin wuri a 1986. Da Lovejoy ya rubuta tarihin mutuwar bauta a Arewacin Najeriya a 1993. Gyaɗa, wuri, bauta: wanda ya dubi jerin zai ce abubuwa ne mabambanta, alhali gwaninta guda ce ke aiki a cikinsu duka. Gwanintar ita ce a ɗauki abin da talaka ya yi a matsayin shawara da ya yanke bayan ya auna riba da hasara, sannan a sake gina wannan awon daga gutsattsarin shaidu, har a ga abin da shi ya gani ranar da ya yanke.

Shiga gonar da lissafi

Masanin tarihin tattalin arziki ba ya fara tambaya da “me ya sa suka ƙi bin umarni?” Yana farawa da “in ni ne nake da gona ɗaya, hannu biyu, iyali da haraji a wuya, me zan shuka?” Daga nan sai ya jera abubuwan da amsar ta rataya a kansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko farashi. Ƙungiyar BCGA tana sayen auduga mai gurya a kan kimanin kwabo ɗaya kowace laba. Ba rowa ce kawai ta sa haka ba. Sai an gurza wajen laba uku kafin a sami laba ɗaya ta tsantsar auduga, ke nan labar da za a tura Ingila ta riga ta ci taro tun ba a biya kuɗin gurza da ɗauri da jirgin ƙasa da jirgin ruwa ba, kuma a can za ta yi gogayya ne da audugar Amurka. Farashin kasuwar Ingila ne ya ɗaure wa ƙungiyar hannu. Masaƙin Kano kuwa ba abin da ya ɗaure shi. Mace ta gurza da magurji a tsakar gida, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga, turkuɗi ya kama hanyar Agadas. Kowane mataki daraja yake ƙarawa, don haka fataken da ke zuwa ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da jakunansu suna iya taya auduga sama da kwabon Bature, kuma su ci riba. Audugar ana noma ta, sai dai ba ta bi ta kan sikelin kamfani ba, shi ya sa ba ta fito a takardun kwastan ba. Wanda ya tsaya a kan takardun kwastan kaɗai zai rantse cewa babu ita.

Na biyu ƙasa da aiki. Jigawar da ta kewaye Kano gyaɗa take so, auduga kuwa ta fi son laka. Gyaɗa tana zama lafiya a gona ɗaya da gero, tana gyara ƙasa maimakon ta tsotse ta, harawarta abincin dabbobi ce, kuma tana nuna da wuri, daidai lokacin da mai karɓar haraji ke zagayowa. Auduga tana neman noma a lokacin da hatsi ma ke nema, cirarta kuma sai an shiga hunturu. Eka guda ta gyaɗa tana ba da nauyin da ya ninka na auduga. Kwabo a laba, in aka lissafa, fam 9 ne da sule 6 da kwabo 8 a tan, amma tan nawa gona za ta bayar, kuma kwana nawa mutum zai yi a duƙe kafin ya same shi? Wannan ne ainihin farashin a idon manomi.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne tsoron yunwa. In kasuwa ta faɗi ko damina ta yi gardama, gyaɗa ana cin ta, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli, a yi kunu. Auduga ba ta shiga tukunya. Mutanen da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta rutsa da su ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Sai kuma tambayar da ta rage: wa ya kai wa manomin ƙauye labarin cewa Turai na neman gyaɗa? A Turai an gano dabarar daskarar da man tsirrai a farkon ƙarni na 20, masana'antun majarin da sabulu suka buɗe baki. Amma wakilan kamfanoni da ke Kano ba su san hanyar ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai, ba wanda zai amince musu. Hogendorn ya nuna cewa fataken goro ne suka cike wannan giɓi. Agalawa da sauran masu safarar Gwanja sun riga sun tara jari, suna da yara a garuruwa, sun san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Jirgin ruwa da na ƙasa sun fara kashe ayarin goro na ƙafa, sai suka juya dukiyarsu da amanarsu zuwa gyaɗa. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata. Da wannan ya ƙalubalanci wani ra'ayi da ya yi tashe a lokacin, na masanin nan ɗan ƙasar Bama, Hla Myint, wanda ke cewa ƙasa da hannuwa suna nan zaune ba aiki sai da kasuwar waje ta zo ta tashe su. A ƙasar Hausa hannuwan ba a zaune suke ba. Wani aikin aka rage aka ƙara wa wani, kuma mutanen ƙasa ne suka yanke wanda za a rage.

Inda ake samo shaida

Faɗin wannan lissafi yana da sauƙi. Wahalar tana wajen samo lambobin, don manomin 1912 bai bar littafin ajiya ba. A nan ne gwanintar take.

Shaida ta farko tana gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna: rahotannin razdan na shekara-shekara, rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, littattafan kotun alƙali, wasiƙun kamfanoni. Kowace takarda da irin ƙaryarta. Di'o ya zo ƙauye da malaman taki suna auna gonaki, ya tambayi dami nawa aka samu bara. Manomin ya san amsarsa ce za ta zama harajinsa, don haka zai rage. Di'on kuma yana son razdan ya ga gundumarsa na ci gaba, don haka wani lokaci zai ƙara. Littafin kamfani ba ya ƙarya a kan nauyi, amma abin da ya hau sikeli kaɗai ya sani. Takardar jirgin ƙasa ta san tan nawa aka loda a tasha, ba ta san daga wace gona ya fito ba. Gwani ba ya watsar da ko ɗaya, ba ya kuma miƙa wuya ga ko ɗaya. Yana tambayar kowace takarda: wa ya rubuta ki, don wa, kuma me zai samu in ya ƙara ko ya rage?

Shaida ta biyu bakin tsofaffi ne, kuma tambayarsu ma sana'a ce. Wanda bai iya ba zai shiga zaure ya ce, “Baba, nawa ne farashin dawa a 1913?” Tsoho ya dube shi ya ce Allah ne masani, hira ta mutu. Wanda ya iya zai gaisa tukuna har gaisuwa ta ƙare, ya tambayi gida da gona, sannan ya ce, “Baba, Allah ya ƙara lafiya, lokacin da jirgi ya fara zuwa, kun isa ɗaukar fartanya?” In ya ce ya isa, an sami shekarunsa. “Zamanin Sarki Dikko ne ko kafin shi?” An sami iyaka, tunda Muhammadu Dikko ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944. “Da kuka kai kaɗa kasuwa, jaki nawa kuka kora? Kwana nawa a hanya? Da kuka sayar, kuɗin ya biya harajin gidan ko sai da aka haɗa da akuya?” Tsoho ba ya riƙe farashi, amma ba ya manta shekarar da aka sayar da akuyar uwarsa don a cika haraji. Daga irin wannan amsa, in aka haɗa da adadin harajin da ke rubuce a Kaduna, sai farashin ya fito da kansa. Sannan a je wani ƙauyen a sake tambayar wani tsohon da bai san na farko ba.

Shaida ta uku ita ce ma'auni, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Dami ba ɗaya ba ne ko'ina, na wannan gari ya fi na wancan. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, tiya ma haka, mangalar jaki ta danganta da jakin da nisan tafiyar. Gyaɗar da aka rubuta, ɓararriya ce ko mai ɓawo? Audugar, gurzajjiya ce ko mai gurya? Kuɗin, wuri ne ko sule, kuma wuri nawa ne sule a wannan garin a wannan shekarar? Masanin yana yi ne kamar mai awo a kasuwa, wadda ba ta yarda da mudun kowa sai ta juye a nata ta gani. In bai yi haka ba, zai haɗa lambobi masu kyan gani waɗanda ba su auna komai ba.

Wuri daga tsakiyar teku

Wannan haƙurin awo ne ya haifi littafinsa da Marion Johnson a kan wuri. Kakanninmu sun yi ƙarnoni suna ciniki da wuri, suna ƙirga shi hauya-hauya, ashirin-ashirin, suna ɗinke 20,000 a keso guda, amma ƙalilan ne suka san daga inda yake zuwa. Marubutan biyu sun bi sawunsa tun daga tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya, inda ake kamo shi da ransa a bar shi ya mutu a wanke, zuwa Silon da Bengal, zuwa Amsterdam da Landan inda ake gwanjonsa, sannan zuwa gaɓar Afirka ta Yamma inda aka riƙa sayen mutane da shi. Jiragen ruwa sun so shi ne don yana da nauyi kuma ruwa ba ya ɓata shi, sai a zuba shi a ƙasan jirgi ya daidaita shi. Daga littattafan kamfanonin Holan da Ingila suka tattara nauyin da aka yi jigila shekara bayan shekara, suka auna cewa wajen wuri 400 ne ke cika laba, suka fitar da cewa a ƙarni na 18 kaɗai an shigo da fiye da biliyan 10.

Sai labarin ya juya a tsakiyar ƙarni na 19. 'Yan kasuwar Hambag ta Jamus suka gano wani irin wuri a gaɓar Zanzibar, ya fi na Maldibs girma da nauyi, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba. Suka yi ta lodinsa tan dubbai zuwa Legas da maƙwabtanta. Kuɗi ya yi yawa, darajarsa ta zube. Lokacin da Barth ke Kano, wuri 2,500 ne dalar azurfa guda. Kafin ƙarshen ƙarnin farashin ya ninka. Ga nauyi ya ƙaru, ga daraja ta ragu, har ta kai in tafiya ta yi nisa, ladan ɗan dako da abincinsa su cinye kuɗin da ya ɗauko. Wani Bature mai suna Charles Robinson, da ya ratsa ƙasar Hausa a tsakiyar shekarun 1890, ya ba da labarin yadda sayar da dokinsa ya zame masa matsala saboda masu ɗaukar wurin za su cinye kuɗin dokin a hanya. Daga nan Hogendorn ya kai ga wata magana mai ɗaci: rashin babban kuɗi mai sauƙin ɗauka na cikin abin da ya sa attajirai da sarakuna suka riƙa ajiye dukiya da biyan manyan basussuka da bayi, tunda bawa yana tafiya da ƙafarsa har ya ɗauki kaya. A 1904 gwamnatin Gwamna Lugga ta hana shigo da wuri, sule da kwabo da anini suka fara maye gurbinsa.

Bauta da lissafinta

Kafin littafin wuri, a 1977, Hogendorn ya buga nazari a kan yadda ake aiki a rinji biyu na ƙasar Zazzau, wanda ya gina a kan hirar waɗanda suka ga zamanin da idonsu. Tambayoyinsa irin na mai lissafi ne: yaushe ake fita gandu, yaushe ake tashi, wa ke ciyarwa, kwana nawa bawa ke da su na noman gayaunarsa, wa ke tsaye a kansa, me ake yi masa in ya gudu. Wani zai ga kamar sanyin zuciya ne a tunkari zalunci da irin waɗannan tambayoyi. Amma su ne suka hana a rufe maganar da cewa ai bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce, don sun fito da adadin gumin da aka karɓa da ƙarfi.

Littafinsa da Lovejoy ya ɗauki labarin daga 1897 zuwa 1936. Sun ƙiyasta cewa a lokacin da Turawa suka ci Daular Usmaniyya akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a cikinta. Lugga bai 'yanta su ba. Ya hana kamawa da sayarwa, ya ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma waɗanda ke hannu sai su fanshi kansu ta kotun alƙali. Ya kuma toshe wa masu gudu hanyar samun gona, don kada noman sarakuna da attajirai ya durƙushe. Sai murgu ya yawaita: bawa ya yi aikin kansa ya riƙa biyan ubangijinsa, a lokaci guda yana tara kuɗin fansa, ga kuma harajin gwamnati. Ina zai sami tsabar kuɗi har kashi uku? A gyaɗa da auduga da ƙwadagon rani. Ashe wani ɓangare na buhunan da suka cika tashar Kano kuɗin fansar kai ne. Sai a 1936 doka ta soke bautar gaba ɗaya. Ba wanda zai ga wannan alaƙa sai wanda ya karanta littafin kotu da na haraji da na jirgin ƙasa a kan tebur guda.

Ba a bar shi ba suka. Robert Shenton da Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, da masana tarihin Zariya na zamanin Yusufu Bala Usman, sun ja hankali ga cewa manomin da ake yaba wa zaɓinsa, an riga an ɗora masa harajin da sai da sule ake biya, kuma yunwa da bashi suna cikin abin da kasuwar ta jawo. Gaskiya ne, kuma littafin 1993 ya ba haraji muhimmancin da littafin gyaɗa bai ba shi ba. Amma sukar ba ta rushe hanyar aikin ba, ta ƙara mata layi ne a cikin lissafi. Mutumin da aka matsa wa ma yana auna ta inda zai fita da sauran ƙarfinsa.

Da aka zo ƙasar laka

A kudancin Katsina lissafin ya fito daban, kuma wannan ma shaida ce a kan ingancin hanyar. Ƙasar Maska ta yi suna da kaɗa da saƙa tun kafin Turawa. Nan akwai laka, ruwan sama ya fi na Kano, gyaɗa ba ta da rinjayen da take da shi a jigawa. Da aka kawo irin Allen na Amurka mai dogon gashi a 1912, aka gwada shi a Maigana kusa da Zariya, sai aka sami audugar da Lankasha za ta iya saya da ɗan daraja. A shekarun 1920 aka kafa gonar iri a Daudawa, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929, injinan gurza suka tashi a Funtua da Malumfashi da Gusau. Kuɗin dako ya faɗi, mai saye ya matso kusa. Hukuma ma ta sa hannu da ƙarfi, ta kori irin gargajiya daga yankin, ta taƙaita ciniki a fuloti inda malamin auduga ke duba ta ya ba ta lamba. Funtua, wadda a da Maska ta shafe ta, ta zama babban gari har kujerar Sarkin Maska ta dawo cikinta. Da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin amfanin gona a 1977, a Funtua aka ajiye hedikwatar Hukumar Auduga ta Najeriya, har zuwa 1986 da aka rushe su.

Manomin bai daina lissafi ba. Masu binciken aikin gona na Samaru sun daɗe suna ƙorafin cewa ana shuka auduga a makare, sai David Norman da abokan aikinsa suka nuna cewa mai gona yana fara tabbatar da hatsinsa ne kafin ya waiwayi abin sayarwa. Da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, an sa ran auduga za ta ci moriya sosai. Takin zamani mai rahusa da sabon iri suka sa masara ta fi komai biya, ga shi ana ci, sai ta mamaye gonaki daga Bakori zuwa Ɗandume. A daidai wannan lokaci Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi, yana bin 'yan kwarami kasuwa-kasuwa yana rubuta abin da suka saya da wanda ya ba su jari, aikin da ya zama littafi a 2014. Ya tarar da cewa hidimar iyali da aure da biki da riƙon yara suna cikin lissafin attajirin ƙauye kamar yadda riba take ciki.

Yau yawancin masaƙun Kaduna sun rufe tun shekarun 2000, injinan gurza da yawa sun yi shiru, kuma duk bayan 'yan shekaru sai a ƙaddamar da shirin farfaɗo da auduga, a raba iri, a ce saura a wayar wa manoma kai. Wanda ya koyi wannan sana'a zai ce a dakata, a kawo takarda. Nawa ne buhun taki, feshi sau nawa auduga ke buƙata kafin ta tsira daga tsutsa, nawa masu cira ke karɓa, wa zai saya, yaushe zai biya, kuma me kadada guda za ta bayar in masara ce ko waken suya ko shinkafa? A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sai an ƙara layin tsaro, wanda ba ya cikin lissafin 1912: gonar da ke nesa da gari, wa zai yarda ya yi ta zuwa cikinta har watan Disamba? In lambobin sun goyi bayan auduga, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. In ba su goya ba, irin kyauta ba zai canza komai ba.

Kayan aikin suna nan a yankin ga mai so. Wasu daga cikin waɗanda suka yi malantar fuloti da akawun injin gurza a shekarun 1970 suna raye, haka direbobin da suka yi jigilar ɗaurin auduga da matan da suka yi kaɗi kafin zaren kanti ya kashe shi. Akwai rasiɗai da littattafan awo a cikin adakoki, akwai fayilolin gundumomin Maska da Galadima a Kaduna. Ɗalibin tarihi ko tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma ko ta Zariya yana da abin da Hogendorn bai taɓa samu ba: harshen nasa ne, tsofaffin kakanninsa ne, rakoda kuma tana cikin wayar da ke aljihunsa. Abin da zai aro daga Ba'amurken shi ne ladabin ɗaukar manomi a matsayin mai hankali, da taurin kan ƙin yarda da kowace lamba sai an san mudun da aka auna ta da shi.